Itace ko gawayi? Tanadin hunturu a gidan Zariya

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, magidanci a Zariya yana da kamar mako 4 zuwa 6 kafin sanyi ya kankama. A cikin Nuwamba iska take juyawa ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, hazo ya sauko, sannan a Disamba da Janairu a wayi gari ma'aunin zafi yana ƙasa da digiri 15, wata asubar ma ya gangaro kusa da 10. Garin a kan tudu yake, tsayinsa daga doron teku ya haura mita 600, shi ya sa sanyinsa na asuba yake ratsa ƙashi. A ɗan tsakanin nan ake yanke shawarar abin da za a tanada: a sauke lodin itace, ko a sayi buhunan gawayi, ko a haɗa biyun. Abin da ya dace da gidan gandu mai mutum 20 a cikin Birni ba shi ya dace da mai ɗaki biyu na haya a Samaru ko Tudun Wada ba. Don haka kafin a tambayi kuɗin dami ko na buhu, a fara duba aikin da wutar za ta yi.

Aikin wuta a hunturu uku ne: girki, ruwan wanka da na alwala, sai jin ɗumi. Girki yana nan yadda yake duk shekara. Ruwan zafi shi ke ninka abin da gida yake ƙonawa, kuma shi aka fi mantawa da shi a lissafi, sai tsakiyar Janairu itace ya ƙare a koma sayen kashi-kashi da tsada. Jin ɗumi kuwa hukuncinsa daban ne, za a zo kansa.

Wanne ya fi auki

Zafin da ke cikin kilo 1 na gawayi mai kyau ya kusa ninka na kilo 1 na busasshen itace. Murhu kuma yana ƙara tazarar. A murhun duwatsu uku harshen wuta yana fita ta kowane gefe, iska tana kaɗa shi, abin da ke shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba. A kurfoti garwashi yana dab da gindin tukunya, ana samun kamar kashi 25. In aka haɗa biyun, kilo 1 na gawayi a kurfoti yana yin aikin kilo 3 zuwa 4 na itace a buɗaɗɗen murhu.

Tafasa lita 10 ta ruwan da ya kwana a sanyi tana cin kusan kilo 2 na busasshen itace, ko kusan rabin kilo na gawayi. Wannan lita 10 in aka surka ta da ruwan sanyi tana ba da kamar lita 35 na ruwan wanka, bokiti biyu ke nan da ɗoriya. Gida mai mutum 8 yana bukatar a tafasa masa kamar lita 30 kowace safiya, wato itace kilo 6 ko gawayi kilo 1 da rabi. A kwana 90 na sanyi itacen ya haura kilo 500, gawayin kuma ya kai kilo 135, buhu 4 ke nan in buhun yana da nauyin kilo 35. Na wanka kawai aka lissafa, ba a sa tuwo da miya ba.

Da wannan ake kwatanta kuɗi. Ari sikeli, auna dami ɗaya, auna buhu ɗaya, fitar da kuɗin kilo na kowanne. In kuɗin kilon gawayi bai kai ninki 3 na kuɗin kilon itace ba, gawayi ya fi araha. In ya haura ninki 4, itace ya fi. Tsakanin 3 da 4 kuwa sai a bar wuri da hayaƙi su raba gardama. Wanda ya gina murhun laka lissafinsa daban ne. In aka kewaye duwatsun da kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa da ciyawa har zuwa rabin tukunya, aka bar ƙofa ɗaya ta tura itace da tazarar yatsa ɗaya ko biyu kewaye da tukunyar don hayaƙi ya fita, cin itace yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Aikin yini ɗaya ne, amma a rufe shi da zana ya bushe a hankali na mako guda kafin a hura, in ba haka ba ya tsattsage. Mai irin wannan murhu da wuya gawayi ya fi masa sauƙi.

Girman tukunya ma yana da ta cewa. Don ƙaramar tukunya aka yi kurfoti. In aka ɗora masa rabin duro ko tukunyar biki, garwashin tsakiya kawai yake dumamawa, ruwan ya yi ta jinkiri, ana ƙara gawayi ana fifita. Itace yana da harshe, harshen yana lasar gefen tukunya, shi ya sa babban ruwa nasa ne. Gidan da ke da mai jego a hunturu, ana dafa mata ruwa safe da yamma har kwana 40, sai dai itace, kuma a ninka lissafin da ke sama. A nan akwai abin kiyayewa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau da tsananin zafin wanka, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan kunun kanwa. A tanadi itacen ruwa mai ɗumin da jiki zai ɗauka, a bar na gashin gado.

Inda gawayi ya yi wa itace fintinkau shi ne gidan haya da gidan da tsakar gidansa ta matse. Buhu 4 suna shiga lungu ɗaya, gara ba ta cinsa, ba ya turnuƙe maƙwabta da hayaƙi, ba ya baƙanta shanya, kuma in an gama girki ana iya kife masa tsohuwar tukunya ya mutu a sake amfani da shi gobe. Gas ya fi duka biyun tsabta da sauri, kuma mai hali ya bar shi ga shayi da miya da ɗumamen safe. Sai dai in aka ɗora masa ruwan wankan gida guda, tukunyar gas mai kilo 12.5 ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Akwai kuma lissafin daji, wanda ba ya fitowa a aljihu. A ramin da ake ƙona gawayi na gargajiya, kilo 1 yana cin itace kilo 5 ko fiye, ga shi kuma aikin kilo 3 zuwa 4 yake yi. Ke nan buhun gawayi ya fi damin itace cin daji, kuma sau da yawa kaɗanya da ƙirya ake kayarwa dominsa. Wanda yake da fili da murhun laka, ya sayi rassan darbejiya ko turare ko mangwaro da aka sassare, ya fi kowa sauƙaƙa wa dajin Zazzau.

Abin dubawa wurin saye

Itace ba ɗaya ba ne. Marke, ƙirya, tsamiya da kanya masu nauyi ne, suna ci a hankali, suna barin garwashi mai daɗewa. Su ne na tuwo, na wake, na babban ruwa. Ƙirya dai, da ita ake sassaƙa turmi, gawayinta ne na maƙera, kuma mai faskare yana jin jiki a kanta, don haka a saye ta a faskare. Doka, wadda ta fi yawa a dazukan da ke kewaye da Zariya, da darbejiya da mangwaro matsakaita ne, sun isa girkin yau da kullum. Turare yana kamawa da wuri, yana da zafi, amma yana tartsatsi, kuma a faskara shi tun yana ɗanye don in ya bushe yana gagarar gatari. Malaina ba ta da nauyi, tana daɗewa da ruwa a ciki, garwashinta ba ya kwana. Rimi da kuka ɓata kuɗi ne. Tumfafiya da tinya, masu farin ruwan nan, ba a girki da su. Haka ragowar katakon rufi da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da mai fenti, da filawud ɗin kafintoci: hayaƙinsu guba ne, yana shiga abinci yana shiga ƙirji, ko kyauta aka bayar a bar shi.

Babbar asarar Nuwamba ita ce ɗanyen itace. Wanda aka sara a ƙarshen damina kusan rabin nauyinsa ruwa ne, mai saye ya biya kuɗin ruwa, wutar kuma ta ɓata ƙarfinta wurin ƙafar da shi kafin ta taɓa tukunya. Busasshe ana gane shi da hannu da kunne. Gwara guda biyu: busasshe yana amo ƙwal, ɗanye yana yin dum. Kansa yana da tsaga kamar faso, ɓawonsa yana saki, in aka faskara cikinsa ba sanyi a tafin hannu. Ɗanye in ya shiga murhu za a ji yana tsuwa, kumfa tana fitowa ta ɗaya kan, hayaƙi fari mai yaji ya cika madafi, uwargida tana hawaye tana fifita. A kwance dami ɗaya a duba tsakiyarsa kafin a biya kuɗin lodi, don wani lokaci busassun a waje suke.

Gawayi mai kyau in aka karya shi yana ƙyalli, yana ƙara kamar fasasshen tangaran, baƙi ne har ciki. Wanda cikinsa ya yi ja-ja bai gama ƙonewa ba, zai yi hayaƙi kamar itace. Wanda ya yi nauyi ga sanyi a hannu ya sha ruwa. A shafa gindin buhu, ko a ce a juye shi, domin gari da ƙasa da tsakuwa a ƙasa suke taruwa, manyan kuma a baki. A ajiye buhu a kan bulo ko katako a busasshen wuri. Garin da ya rage kada a zubar: a kwaɓa shi da ɗan kokon rogo mai kauri, a dunƙula kamar ƙwallon fura, a shanya kwana 3 zuwa 4, yana ci.

Jera itace

Hanya huɗu ake gani a gidaje, kuma ba su yi daidai ba.

Ta farko ita ce a bar shi tuli inda kura ko a-kori-kura ta zube shi. Ba a sha wahala ba, amma na ƙasa yana jan danshi, na tsakiya ba ya samun iska, kuma kafin mako 2 gara ta hau. In aka ɗaga na ƙasa za a tarar da shi lulluɓe da jar ƙasa, cikinsa ya zama holoƙo. Tuli kuma maɓoyar kunama ce da ɓera, inda ɓera ya zauna kuwa maciji yana biyo shi.

Ta biyu ita ce a jingina shi tsaye a jikin katanga. Yana bushewa da sauri fiye da tuli, kuma ga dogayen rassa na sati ɗaya ba laifi. Illarsa ita ce gindin kowane itace yana taɓa ƙasa, kansa yana taɓa gini, ya zama tsani. A gidan ƙasa mai azara wannan babban kuskure ne, don garar da ta zo cin itacen girki takan zarce cikin bango ta kama rufi.

Ta uku ita ce a ɗora a kan rufin madafi. Gara ba ta kai can da wuri, rana tana dukansa, amma kwano yana lotsawa, tsatsa tana kama inda itacen ya kwanta, soro kuma yana tsagewa ya yi yoyo da damina. Ga shi kai tsaye a saman wuta. Ba a ba da shawararsa.

Ta huɗu, jeri a kan bulo, ita ce ta cancanci wahalar, kuma awa 2 ta isa. A share wuri tas, a cire ciyawa da kara. A kwantar da bulo mai inci 9 guda 6, layi biyu, uku-uku, mita 1 tsakanin kowane bulo da na gaba, kamar santimita 30 tsakanin layukan. A kan kowane bulo a shimfiɗa guntun kwano da ya ɗan zarce bakinsa, don in gara ta gino hanyarta ta fito fili a gan ta. Sai a ɗora tsofaffin fayif biyu ko miƙaƙƙun sanduna masu kauri bisa tsawon layukan. Wannan gadon ya ɗaga itacen daga ƙasa da fiye da taƙi guda, iska tana wucewa, tsintsiya tana shiga, ido yana gani. Toka a ƙarƙashi tana taimakawa, amma tazarar da sharar su ne maganin.

A yanke itacen kamu ɗaya, kimanin santimita 45, duk wanda ya fi damtse kauri a faskara shi, domin ta kai da ta tsaga ruwa yake fita, ɓawo riƙe shi yake yi. Ƙarshen jerin na dama da na hagu su ne ginshiƙai: a sa guda uku a miƙe, uku a gicciye a kansu, a yi ta hawa haka, ana zaɓar masu faɗin fuska. Tsakiya kuma a jera su duka fuska ɗaya, manya a ƙasa, ba a danna su ba, a bar 'yan kafofin da yatsu za su shiga. Ana hawa ana girgizawa da hannu, in ya yi lilo a gyara tun bai yi nisa ba. Tsayi kada ya wuce ƙirjin babba, kamar mita 1.2, saboda yara suna hawa, awaki suna hawa. Jeri mai tsawon mita 2 da wannan tsayi yana ɗaukar kusan rabin tan na itace mai nauyi, wato na ruwan wankan da aka lissafa. In ana son na girki ma, a yi jeri na biyu, a bar tazarar tafin hannu biyu tsakani.

Wurin da za a kafa shi yana da muhimmanci kamar jerin kansa. A Disamba da Janairu rana ta kudu take bi, don haka katangar kudu inuwa take jefowa tsakar gida, gindin katangar arewa kuwa yana shan rana daga hantsi zuwa la'asar. Can ya fi. Akwai dalili na biyu: iska daga arewa maso gabas take zuwa, tartsatsin murhu kudu maso yamma yake nufa, ba ya nufar itacen da ke arewa da murhu. A bar aƙalla taku 5 tsakaninsa da wuta, a bar kamu ɗaya tsakaninsa da katanga, kada ya tare ƙofa ko taga, kada ya kusanci janareto ko jarkar fetur. Kara da totuwar masara da ƙirare, waɗanda ake hura wuta da su, a ware musu wuri daban, don su ne ke fara kamawa.

A hunturu ba a bukatar rufi, bushewar iskar ita ce ribar lokacin, da rana danshinta yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kuskuren da ake yi shi ne a naɗe jerin da leda ko tamfol don ƙura, sai ruwan da ke fita ya rasa hanya, ya taru a ciki, itacen ya yi funfuna. Faskararren itace mai kaurin damtse yana bushewa a mako 4 zuwa 8, gungumen da ba a fasa ba yana iya kai bazara da ruwa a cikinsa. Mai son tabbaci ya ɗauki guda ɗaya daga tsakiya, ya yi masa alama da gawayi, ya riƙa auna shi duk Juma'a. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, jerin ya bushe. In an sayo ɗanye da busasshe tare, a jera su gefe daban-daban, a fara da busasshen.

Duk mako a leƙa ƙarƙashi. In an ga siririyar hanyar laka tana hawa bulo, a kankare ta, a zuba tokar da ta huce a wurin. In an ga gari mai laushi yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro ya shiga, mangwaro ya fi yin haka, sai a fara ƙona waɗannan. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a itacen da za a dafa abinci da shi. Ana ɗiba daga sama, ana ɗan buga kowanne a ƙasa kafin a runguma, kuma na asuba a ɗebe shi tun da yamma, kada a aiki yaro cikin duhu.

Ɗakin kwana

A nan zaɓin ba tsakanin itace da gawayi yake ba, domin babu wanda ya kamata ya kwana da mutum a rufaffen ɗaki. Itace hayaƙinsa yana korar mutum da kansa. Gawayi ya fi haɗari saboda ba ya gargaɗi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa in gawayi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, kasko ya zama lafiya. Ba haka ba ne. Jan garwashi yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ba ya jin komai. Jarirai, masu ciki, tsofaffi da masu ciwon zuciya su take fara kayarwa. Kuma duk yadda aka ƙware wurin toshe kafofin ɗaki, haka haɗarin kasko yake ƙaruwa.

In dole sai an ji ɗumi, a hura kaskon a waje, a zauna da shi a tsakar gida ko a rumfa ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa. In an shigar da shi ɗakin tsoho don ya kore sanyi, ƙofa da taga su kasance a buɗe, wani babba yana zaune ido biyu, a fitar da shi bayan ɗan lokaci, a bar iska ta wuce sannan a rufe. Ba a kwana da shi ko ya zama toka a ido, don ƙarƙashin tokar akwai wuta. In aka tarar da mutanen ɗaki guda duk suna ciwon kai ko amai, ko wani ya ƙi farkawa, a buɗe ko'ina, a fito da su fili, a garzaya asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Manja da madara ba sa fitar da wannan guba, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma komai. Janareto a baranda ko a lungun taga, da kunna gas don ɗumama ɗaki, duk hukuncinsu ɗaya.

Hita ta lantarki ba ta da wannan guba, amma tana da nata. Mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, tana cin yunit 2 a mita duk awa, ƙaramin janareto ba ya ɗaukar ta, siririyar wayar jonawa kuma zafi take yi har ta narke. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, mita 1 nesa da labule da katifa da gidan sauro, ba a shanya mata kaya, kuma in an ɗauke wuta a kashe ta nan take, don kada a dawo da wutar kowa yana barci ko ba kowa a gida.

Abin da ya fi duka waɗannan aiki shi ne a hana ɗumin da ke ɗakin fita, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Soro mai kaurin bango yana shan rana ya riƙe ta har dare, abin da yake so kawai a buɗe shi da tsakar rana in hazo ya yi sauƙi, a rufe kafin magariba. Ɗakin kwano marar silin shi ne mafi sanyi, kwanon yana sakin zafi da zarar rana ta faɗi, kafin asuba ya zama kamar waje. In ba halin silin, ko zana ko tabarmi aka ɗaure a ƙarƙashin katakon rufi za a ji bambanci, muddin an nisanta su da wayar lantarki. A bi ɗakin da hannu da daddare a nemo inda iska ke shigowa: tsakanin bango da kwano, gefen taga, gilashin da ya fashe, ƙarƙashin ƙofa. Tagar da ke fuskantar arewa ko gabas ita ce ta farko, a sa mata kwali ko leda mai kauri da labule mai nauyi. Ƙarƙashin ƙofa a kwantar da naɗaɗɗen tsumma mai ɗan danshi, yana tare iska yana tare ƙura. A bar kafa ɗaya ta sama a gefen da iska ba ta bugawa, don ɗakin da mutum 5 ke kwana yana bukatar numfashi.

Siminti yana jan ɗumin jiki fiye da yadda iska ke ja. Katifar da ke ƙasa a shimfiɗa mata kwali da tabarma a ƙarƙashi, yaran da ke kwana a tabarma a ninka musu ta da tsohon bargo. Mayafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, hula da safa kuma suna yin abin da kasko ba ya yi. Ga tsoho ko mara lafiya, a cika gora mai kauri da ruwan zafin da bai tafasa ba, a ɗaure murfin tam, a naɗe da tawul, a sa a gado kafin kwanciya. Ba a sa wa jariri, ba a manna ta a ƙafar mai ciwon suga, don yana iya ƙonewa bai ji ba. Bushewar hanci da tari kuwa, jiƙaƙƙen tawul da aka rataye a ɗaki ya fi kwanon ruwa a lungu tasiri.

Tokar murhu da ta kasko tana riƙe wuta fiye da yini guda. A kwashe ta a tsohon bokitin ƙarfe, a yayyafa ruwa, kada a zuba ta a buhu ko a bola ko kusa da kara. Bokitin ruwa ɗaya da na yashi ɗaya su kwana kusa da madafi. In yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin na minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, sannan a kai shi asibiti.

Abin da ya rage a jeri a ƙarshen Fabrairu shi ne mafi bushewa a gidan, kuma shi zai yi rana a watan Agusta lokacin da busasshen itace ke wuya. Kafin hadarin farko na Afrilu a sake jera shi, ɓawo yana kallon sama, a ɗora masa tsohon kwano da ya zarce kowane gefe da taƙi guda, a ɗan karkata shi don ruwa ya gangara nesa da katanga, a danne da bulo biyu saboda guguwar farkon damina. Gefunan a bar su a buɗe.